Yadda na sa kafinta ya haɗa mini teburin wasa mai murfi

Mu shida ne muke haɗuwa a gidana duk daren Asabar. Tun muna samari muke tare, yanzu kowa da iyalinsa da furfurarsa, amma zaman bai mutu ba. Da can lido ne da Whot a kan tabarma, sai diraf a kan benci idan aka samu mutum biyu masu taurin kai. Scrabble, wasan haɗa kalmomin Turanci, ya shigo mana ne bayan 2015, shekarar da Wellington Jighere ɗan Nijeriya ya ci gasar duniya a birnin Perth na Ostareliya, ya lallasa Lewis Mackay ɗan Birtaniya a wasan ƙarshe, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ɗauko kambun. Akwai malamin Turanci a cikinmu, shi ya sayo allon, ya ce ba zai yiwu ƙasarmu tana riƙe da duniya mu muna zaune muna jiran shida ta fito a lido ba. Duk wannan tabarma ta ɗauke shi lafiya lau. Sai da ƙanena ya dawo daga karatu a waje da kwalaye biyu, Catan da Ticket to Ride, sannan tabarma ta gaza.

Ga wanda bai taɓa ganin Catan ba, wasa ne da wani Bajamushe, Klaus Teuber, ya fitar a 1995. Allonsa ba guda ɗaya ba ne, gutsattsarin kwali ne 19 masu kusurwa shida ake jerawa su zama tsibiri, a kansu a dasa 'yan mitsi-mitsin gidaje da hanyoyi. Mutum ɗaya ya miƙe ƙafa, tsibiri ya watse, a hau musun wa ke da wace hanya. Ticket to Ride kuma kowa da tarago 45 na roba, ga katuna jere a gefe. Ka kunna fankar sama saboda zafin watan Afrilu, katuna su tashi; ka kashe ta, gumi ya hana kowa tunani. Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne tsawon wasannin, awa ɗaya har zuwa biyu. Da an kira ɗayanmu daga gida, ko dare ya raba, sai a kwashe komai a zuba a kwali, wanda yake gab da ci ya tafi yana ƙunƙuni har mako ya zagayo.

A intanet na ga yadda Turawa suka yi maganin wannan. Tebur ne da tsakiyarsa ta faɗa ciki kamar inci uku ko huɗu, an shimfiɗa ƙyalle mai laushi a ƙasan ramin, ko'ina a zagaye da faffaɗan baki na ɗora hannu, sannan ga falankai da ake jerawa a rufe ramin ruf. Da an rufe ya koma tebur na kowa da kowa, wasan kuma yana nan ciki yadda aka bar shi. Babbar sana'a ce a can. Wani kamfani na jihar Massachusetts a Amurka, Wyrmwood, ya tara fiye da dala miliyan 8 a dandalin Kickstarter a 2020 a kan irin wannan tebur kaɗai, mutane suka biya tun ba a ƙera musu ba. Na duba farashi, na buga da canjin dala, na ɗora kuɗin jirgin ruwa da na kwastam da na ɗauko shi daga Legas zuwa Kano, sai kawai na adana hotunan a waya. Kafinta ne zai yi.

Amma kafin kafinta akwai uwargida. Masu sayar da wannan tebur a Turai da Amurka hujjarsu ɗaya ce: ai dama kana bukatar teburin cin abinci, to sayi wanda zai yi maka aiki biyu. Wannan hujjar ba ta ci a gidana, don mu a ƙasa muke cin abinci, a shimfiɗa leda a kan kafet, yara su zagaye kwano. Da na nuna mata hoton ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Abbansu, ni ban hana ba, amma ba a falona ba. Ƙartai shida har sha biyun dare, ni da yara mu koma ina?" Da gaskiyarta. Aka tsaya a kan ɗakin baƙi, wanda ƙofarsa take kallon waje, mutum zai shiga ya fita bai ratsa cikin gida ba. Ta ƙara da sharaɗi na biyu, ranakun makaranta teburin na yara ne, a kansa za su riƙa yin aikin da aka ba su. Wannan ya sa dole murfin ya zama mai ƙwari da santsi, wanda biro ba zai huda takarda a kansa ba.

Ɗakin ƙafa 12 ne sau 12, irin wanda magina suka saba yankawa. Duk mai wannan niyya, kada ya je wurin kafinta sai ya gwada girman teburin a cikin ɗakin da idonsa. Mu kwalin firiji muka yanke, muka ɗora shi a kan benci biyu, muka jera kujeru muka zauna. Nan muka ga kujera tana bukatar kimanin ƙafa uku tsakanin tebur da bango kafin mutum ya iya ja da baya ya miƙe, ke nan tebur mai tsawon ƙafa shida ya cinye ɗakin daidai wa daida. Faɗi kuwa hannu ne yake yanke shi. Na so rami mai faɗin ƙafa huɗu, amma mafi gajarta a cikinmu sai ya tashi tsaye kafin ya ajiye abu a ɗaya ɓangaren allo, kuma wasan da za a yi ta tashi ana zama ba ya daɗi. Muka tsaya a rami ƙafa 3 sau 5, baki inci biyar ta kowane gefe.

Kafintan dattijo ne, shi ya yi mana ƙofofi lokacin gini. Ya karɓi wayar, ya matso da ita kusa da ido, ya buɗa hoton da yatsa biyu, ya ce, "Alhaji, wannan ai sinuka ce da aka manta ba a huda mata aljihu ba." Na ce, "Malam, kusan haka ne, sai dai wannan zama ake yi a gabanta." Jin kalmar zama sai ya ajiye wayar ya ɗauko tef, kuma a nan aka yi ainihin aikin teburin, tun ba a sayi katako ko ɗaya ba.

Ga lissafin da ya yi mini a bayan wani guntun falanki. Tebur na al'ada tsayinsa inci 30 ne, mazaunin kujera kuma 17 zuwa 18. A tebur na al'ada saman siriri ne, cinya tana da fili a ƙarƙashi. A wannan kuwa murfi zai ci kusan inci guda, rami ya ci uku, ƙasan ramin da sosonsa su ci guda, kusan biyar ke nan sun tafi. Ka cire daga 30, ka cire tsayin kujera, abin da ya rage wa cinya inci bakwai ne. Siririn mutum zai shiga, amma mai jiki da ya zo da babbar riga daga ɗaurin aure zai zauna a karkace. In an ce a ɗaga teburin zuwa 33, yaro ɗan firamare zai yi rubutu kafaɗa a kunne, sharaɗin uwargida ya karye. Kowane inci da ka ba rami, daga cinya ka ƙwato shi ko daga kafaɗar yaro. Muka daidaita a tsayi inci 31, zurfin rami a ƙarƙashin murfi inci biyu da rabi. Gidajen Catan da taragon Ticket to Ride da 'ya'yan Scrabble duk sun shige da sarari. Abin da bai shiga ba shi ne sarkin darar ces, wanda a girman gasa yake kai inci uku da kwata uku. Na haƙura da wannan. Masu ces su ɗauki hoton allo da waya, su kwantar da 'ya'yan, ai su ne suke cewa sun fi kowa ƙwaƙwalwa.

Katako muka je nema tare a 'Yan Katako na Na'ibawa. Na tafi da maɗobiya a raina saboda jan launinta da nauyinta, amma mai kyau ta yi wuya ta yi tsada. An yi shekaru ana sarar ta ana lodawa zuwa ƙasar Sin, musamman daga dazukan Taraba, har a 2017 ta shiga jerin itatuwan da CITES, yarjejeniyar duniya ta kare namun daji da tsirrai, ta ɗaure cinikinsu tsakanin ƙasashe. Muka koma maɗaci don ƙafafu da baki, filawud mai kauri don ƙasan rami. Wani yaron shago ya yi ta tallata mana MDF, wai ya fi santsi ya fi sauƙi. Malam bai ko kalle shi ba, sai da muka yi gaba ya ce, "Garin katako ne aka matse da gam. Ranar da shayi ya taɓa gefensa zai kumbura, kuma ba ya komawa. Araha ba ta ado."

Abin da ya fi jan lokaci shi ne bushewa. Yawancin katakon da ake sayarwa a Kano daga wurare masu laima yake zuwa, da ɗanyensa. In aka haɗa tebur da shi a haka, hunturu na zuwa zai tsotse ruwan, falanki ya lanƙwashe, mahaɗa ta buɗe. A gado ko benci ba wanda zai lura, amma a tebur mai murfin da dole ya zauna daidai cikin gurbinsa, lanƙwasa kaɗan ta isa ta ɓata komai. Malam ya jera falankan a inuwa a bayan shagonsa, ya sa 'yan sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa, ya ce sai sun sha hunturu guda. Abokaina suka mayar da abin na tsokana, duk Asabar sai wani ya tambaya ko har yanzu itacen bai tsiro ba. Bayan sun bushe ya shafe su da Solignum saboda gara, ɗakin baƙin yana jikin katangar waje, kuma mun san halinta a unguwar.

Murfin ya raba shi gida huɗu, kowane ɗaya filawud ne da aka yi wa gefe da maɗaci, don filawud bai cika motsi da sauyin yanayi ba, kuma bai yi nauyin da ɗan sakandare zai kasa ɗagawa ba. Gefunan ya yi musu namiji da mace, harshen wannan ya shige bakin wancan, suka zauna a kan wata 'yar gaɓa da ya fitar a cikin ramin, samansu daidai da bakin tebur. Na ce a huda ramin yatsa na ɗagawa, ya ce ta nan ƙura da fiƙen fensir za su riƙa zuba, sai ya maƙala wata 'yar igiyar fata a falankin ƙarshe. Ya kuma bar tazara kamar kaurin katin banki biyu a kowane gefe. Da na ga tazarar ban so ba, sai da damina ta zo katako ya sha laima ya cike ta tsaf, murfin yana fita da ƙyar amma yana fita. Ƙafafun da noti ya ɗaura su, ba ƙusa ba, don ƙofar ɗakin ba ta kai ƙafa uku ba, ta gefensa aka shigar da saman aka ɗaura ƙafa a ciki.

Shimfiɗar ramin ta ba ni tunani fiye da yadda na zata. Amfaninta biyu ne. A kan katako tsura sai ka yi ta kartar kati da farce kafin ya ɗagu, amma in akwai laushi a ƙasa, ka danna gefe ɗaya ɗaya gefen ya taso. Na biyu ƙara: ƙwayar lido a kan katako da tsakar dare har cikin gida ake jin ta. Turawa suna amfani da wata roba mai laushi irin ta shimfiɗar linzamin kwamfuta. Mu siririn soso muka samu wurin masu kujerun kushin, muka ja yadi mai kauri daga Kantin Kwari a kansa, duka a jikin wani siririn filawud da ake iya ɗagowa gaba ɗaya a kai waje a kakkaɓe. Wannan dabarar ta Malam ce, kuma ita ce ta fi komai amfani a hunturu, lokacin da ƙura take shiga ko da an rufe taga da ƙofa da murfi. Baƙi da shuɗi mai duhu suna nuna ƙura tun daga bakin ƙofa. Kore kuma na guje shi saboda Hajiyarmu, na ɗauki ruwan toka.

Ko da hakan ban tsira ba. Ranar da ta fara ganin teburin a buɗe, katuna a baje, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kai kuma da girmanka gidan karta ka buɗe?" Na ce, "Hajiya, ko sisi ba ya hawa kansa." Haka ɗin ne kuwa, doka ce tun muna tabarma: ba a sa kuɗi, ba a sa ko kwalbar lemo, kuma ana kiran salla ake tashi. Teburin ya ma sauƙaƙa ta biyun, don a da abin da yake riƙe mutum shi ne tsoron kada yara su shigo su hargitsa allo kafin a dawo daga masallaci. Yanzu falanki huɗu ne, minti ɗaya an rufe. Akwai kuma ɗaya daga cikinmu da ba ya taɓa duk wasan da ake jefa ƙwaya a cikinsa, saboda hadisin da ya zo a Sahihu Muslim a kan wasan nardi, wanda malamai da yawa suka ɗauki haninsa ya hau ko da babu kuɗi. Ba ma jayayya da shi. Catan da ƙwaya biyu ake yin sa, don haka ranar da ya zo sai a bar Catan a ciki a rufe, a baje Scrabble ko Ticket to Ride a saman murfin. Ban yi tunanin wannan ba lokacin da nake zane, amma ashe tebur biyu na samu, ɗaya a kan ɗaya.

Bayan falankan ma ban bar su haka ba. A bayan ɗaya an zana gidajen diraf 100, goma sau goma, na 'ya'ya 20 kowane ɓangare. A bayan wani Malam ya fafe gurbi 30, biyar sau shida, na dara, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci ɗaya. Wannan don Kawu na yi, ƙanen mahaifina, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana dara a gindin bishiya. Ya zo, ya shafa guraben da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce aikin ya yi kyau. Muka buga, ya cinye ni sau biyu ba tare da ya daina hira ba. Da zai tashi ya ce, "Ɗana, a ƙasa in ka soka kara sai ya tsaya, kana jin sa a hannunka. Wannan kuwa ajiyewa kawai ake yi." Tun daga nan in ya zo sai ya nemi a fita ƙofar gida a tona gurbi a yashi. Yara ne suka gaji guraben katakon, da ƙwallon dabino da murafen lemo.

Zama da teburin yana da nasa 'yan wahalhalu. Kujerun roba masu hannu ba sa shiga ƙarƙashinsa, hannun yana dukan gefen rami, sai da na sayi marasa hannu na kuma sa aka yi benci guda a gefen bango. Namiji da macen murfi yana rage zubar ruwa amma ba ya hana ta. Kofin shayi ya taɓa kifewa a kai, kafin a ɗaga falanki ya riga ya ɗiga a kan katunan da ke ciki. Yanzu ranakun makaranta leda mai kauri ake shimfiɗawa. Tsire da ƙuli-ƙuli an hana su zuwa kusa in rami yana buɗe, don mai yana kama kati, ɓurɓushi kuma in ya faɗa ciki aka rufe a kansa mako guda, kiyashi ne za su riga ka zuwa. Ƙwan sola na rataye shi daidai tsakiya kuma ƙasa-ƙasa, domin in haske ya zo daga gefe bakin teburin yana jefa inuwa cikin rami. Fanka kuwa ta daina kwashe kati in tana lamba biyu ko uku, a lamba biyar sai an danne tarin katunan da wani abu.

Babban abokin gabar teburin shi ne samansa. Duk shimfiɗaɗɗen wuri a gida yana kiran kaya: jakar makaranta, makullin mota, cajar waya, kayan guga da aka ce za a ɗauke anjima. In sun taru, buɗe teburin ya zama aiki, sai ka ji mutum ya ce a bari sai wani makon. Na kafa kanta a bango, aka yi doka duk daren Juma'a yara su kwashe nasu. Falankan kuma in an cire su ba a jingina su a tsaye a karkace, suna iya lanƙwashewa, a kwance ake ɗora su a kan wasu ƙarafa biyu da aka kafa a bango. Durowa biyu da na dage aka yi a gefen tebur, har da wurin ajiye kofi, kusan ba wanda yake buɗe su, kowa a ƙasa yake ajiye kofinsa kusa da ƙafar kujera kamar yadda ya saba.

Wadda ta ce ba a falonta ba, yanzu ita da ƙannenta ne suke riƙe ɗakin ranar Lahadi da yamma, lido da Whot, kuma na sha ɗaga murfi in tarar da nasu wasan a ciki da 'yar takarda an rubuta kada a taɓa. Ɗaya daga cikin abokan nawa ya riga ya kai wa Malam nasa aikin, amma shi gajere yake so, na zama a kan kafet da matashi, tsayinsa inci 15, rami inci biyu, babu durowa. Malam ya ce wannan ya fi sauƙi, tunda ba ruwansa da lissafin cinya da kujera, sai dai a bar wurin da mutum zai zura ƙafa in ya gaji da tanƙwashewa. Falankansa suna can jere a bayan shago suna jiran hunturu.